Santiyago Ramon i Kahal, mutumin da ya zana ƙwaƙwalwa

An haifi Santiyago Ramon i Kahal ran 1 ga watan Mayu na shekara ta 1852, a wani ɗan ƙauye mai suna Petiya, cikin duwatsun arewacin ƙasar Espaniya. A littattafan faransanci ana rubuta sunansa Cajal, amma mutanen ƙasarsa Kahal suke faɗi. Ubansa, Husto Ramon, ɗan talakawa ne. Da ƙyar da wahala ya yi karatu har ya zama lokotoro, saboda haka ba ya son wasa, kuma ya ƙudura a ransa ɗansa ma lokotoro zai zama.

Shi kuwa Santiyago ba abin da yake so kamar zane. Ko'ina ya ga farin bango ko ɗan guntun takarda sai ya zana doki, ko soja, ko bijimi. Da yake an hana shi kuɗin sayen launi, sai ya riƙa kankare fentin bangon gidaje, yana jiƙa takardu masu launi cikin ruwa, yana haɗa nasa. Ran nan uban ya ɗauki wani zanensa ya kai wa mai shafen gidaje ya duba. Mutumin ya duba ya ce yaron ba shi da hannu. Daga ranar aka haramta masa zane a gida, sai a ɓoye.

Ga shi kuma da ƙiriniya. A garin Ayerbe, inda suka koma, shi ne gwanin majajjawa, shi ne kan gaba wajen haura katanga. Yana da shekara 11 ya sami wani gungumen itace, ya huda cikinsa, ya ɗaure shi da waya da igiya, ya ɗura masa albarushi da duwatsu, ya yi igwa. Shi da abokansa suka auna sabuwar ƙofar gonar wani maƙwabci, suka kunna wuta. Ƙofa ta farfashe. Aka kama Santiyago aka jefa shi gidan kaso na ƴan kwanaki, ubansa kuwa bai je roƙo ba, ya ce a bar shi ya ji a jikinsa.

A lakwal ma bulala da kulle su ne abincinsa. Akwai wani ɗaki mai duhu inda mushe yake rufe yaran da suka gagara. Wata rana Santiyago yana zaune ciki, sai ya ga haske ya shigo ta wata ƴar kafa a jikin taga. Ya ɗaga kai, sai ga mutane da dabbobin da ke wucewa a dandali sun bayyana a rufin ɗakin, amma a juye. Ya buɗa kafar, hoton ya dusashe. Ya rage ta da takarda da miyau, hoton ya fito sarai. Ya yi murna, yana tsammani shi ya fara ganin wannan abu a duniya. Ashe masana sun daɗe da saninsa. Abin da bai sani ba lokacin shi ne idonsa ma irin wannan ɗaki ne: haske yana shiga ta ƴar ƙofa a gaba, hoton duniya ya sauka a juye bisa wani tantani a can bayan ido. Wannan tantani shi ne zai yi shekaru yana bincike a kansa.

Da karatu ya ƙi, sai uban ya cire shi daga lakwal ya kai shi wurin wanzami, bayan nan kuma wurin mai ɗinkin takalma. Ya iya ɗinkin takalman ƙwarai. A shekara ta 1868 uban ya sake dabara. Ya fara koya masa ƙasusuwan jikin mutum da kansa, suna samo su daga wata tsohuwar maƙabarta. Yaron ya riƙa juya kowane ƙashi yana zana shi, ba ya barin rami ko tudu. Nan ne Husto ya gane cewa zanen da ya hana yana da amfani ga aikin lokotoro. Santiyago ya shiga makarantar koyon aikin lokotoro a birnin Saragosa, ya gama a 1873 yana da shekara 21.

Aka ɗauke shi lokotoron soja. A 1874 aka tura shi tsibirin Kuba, inda ake yaƙi. Can masassarar cizon sauro da atuni suka kama shi, ya rame har ya kusa mutuwa. A 1875 ya dawo gida. Da ɗan kuɗin da ya rage masa na aikin soja ya sayi mikroskop a 1877, wato madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa har ido ya gan su. A 1879 ya auri Silberiya Fañanas, suka haifi ƴaƴa bakwai. Ya koyar a Balensiya, a 1887 ya koma Barselona. Albashinsa kaɗan ne, kuma rabin hankalinsa yana kan teburin da ya kafa a cikin gida, cike da kwalabe.

Taru ko itatuwa?

A zamanin nan masana sun san cewa jikin mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Fata haka take, hanta haka take. Ƙwaƙwalwa ce ta gagare su. In sun yanka ta sun duba, sai su ga zaruruwa a cukurkuɗe, ba a san farkonsu ba balle ƙarshensu. Mafi yawansu suka ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke gaba ɗaya, kamar tarun masunta, saƙo yana bi ta ko'ina.

A 1873 wani lokotoro ɗan Italiya, Kamilo Golji, ya gano wata hanyar rini. Ana jiƙa ɗan yankin ƙwaƙwalwa cikin wani magani na kwanaki, sannan a tsoma shi cikin ruwan da aka narka sinadarin azurfa. Abin mamaki, rinin ba ya kama dukan ƙwayoyin jijiya. Ƴan kaɗan yake zaɓa cikin ɗari, ya maishe su baƙi ƙirin daga kai har ƙafa, sauran wurin ya zauna rawaya. Amma rinin yana da gardama, yau ya kama gobe ya ƙi. Golji kansa ya duba ya tsaya kan maganar taru.

Kahal ya fara ganin wannan rini a 1887, a Madrid, gidan wani lokotoro mai suna Luwis Simaro. Ya koma gida ya duƙufa. Ya gano cewa in an tsoma naman sau biyu, rinin ya fi kamawa. Sa'an nan ya yi wata dabara da ta fi wannan. Maimakon ƙwaƙwalwar babbar dabba, sai ya ɗauki ta ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba, da ta ƴan jariran dabbobi. Wanda ya san gonar hatsi zai gane dalili. In hatsi ya yi kai, ganye ya shiga ganye, ba a iya cewa wannan na wannan kara ne. Amma makonni kaɗan bayan shuka, kowane tsiro yana tsaye shi kaɗai, ana ganinsa daga tushe har sama.

A 1888, cikin ƙwaƙwalwar tsuntsaye da idanunsu, ya ga abin da yake nema. Kowace ƙwayar jijiya tana da jikinta, da rassa gajeru masu yawa kamar na itace, da zare guda dogo. Ya bi zaren a hankali har inda ya ƙare. Zaren yana zuwa dab da wata ƙwaya, ya rungume ta, amma ba ya narkewa cikinta. Ya duba ɗaruruwan yanka, bai ga taru ba. Kowace ƙwaya ita kaɗai take. A 1891 wani Bajamushe, Baldaya, ya sa wa wannan ƙwaya suna neron.

Duk abin da Kahal ya gani sai ya zana shi da alƙalami da tawada. Ya buga mujalla da kuɗin aljihunsa, kofi 60, ya aika wa manyan masana na Turai. Shiru. Ba su jin espaniyanci, kuma ba su zaci wani abin kirki na kimiyya zai fito daga Espaniya ba. Sai ya tara guzuri, ya ɗauki mikroskop ɗinsa da gilasan da ya liƙa yankan nama a kai, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Barlin, inda masanan jiki suke taro a watan Oktoba na 1889. Ya jera kayansa a kan tebur, mutane suna wucewa. Da ya ga haka sai ya je ya jawo hannun babban malaminsu, Albar Kolika, tsoho mai shekara 72, ya kawo shi gaban madubin yana yi masa bayani da ɗan faransancin da ya iya. Kolika ya duba, ya sake dubawa, ya yarda. Daga baya tsohon nan har espaniyanci ya koya don ya karanta rubutun Kahal. Ba kowane babba ne zai yi haka ba.

Shekarun nan ba duka na murna ba ne. A Barselona ciwon sanƙarau ya kashe ƙaramar ɗiyarsa Enriketa. A dararen da take jinya barci ya ƙaurace masa, yakan koma kan madubinsa har asuba.

Hanyar da saƙo yake bi

Saura tambaya guda. In ƙwayoyin a rabe suke, ta wane gefe saƙo yake shiga, ta wane gefe yake fita? Naman da Kahal yake dubawa matacce ne, ba abin da ke motsi cikinsa. Ido ne ya ba shi amsa.

A ido ba a shakkar inda saƙo yake farawa, tun da haske daga waje yake zuwa. Tantanin bayan ido yana da ƙwayoyi jeri-jeri. Na farko su ne masu karɓar haske, kuma iri biyu ne: masu kama da sanda, waɗanda ke aiki da dare cikin ɗan haske, da masu kama da tsinin dungu, waɗanda ke rarrabe launi da rana. Bayansu akwai jeri na biyu, sai na uku. Kahal ya lura cewa ƙwayoyin jeri na uku sun miƙa rassansu wajen masu kawo labarin haske, dogayen zaruruwansu kuwa sun taru sun zama igiya guda, ta fita daga ido ta nufi ƙwaƙwalwa. Ya duba hanyar jin ƙanshi, daga hanci zuwa ciki, ya tarar haka abin yake. Sai ya ce ashe rassa su ne masu karɓa, dogon zare shi ne mai kaiwa gaba, kuma saƙo hanya guda yake bi. Tun daga nan ya riƙa sa ƴan kibau a zane-zanensa, suna nuna inda saƙo ya dosa.

Abin ya yi kama da magina in suna miƙa tubali. Wannan ya karɓa ya ba wancan, wancan ya ba na gaba, har ya kai ga wanda ke bisa bango. Sai dai ƙwayoyin jijiya ba miƙawa kawai suke yi ba. A idon mutum guda masu karɓar haske sun fi miliyan 100, amma zaruruwan da ke fita zuwa ƙwaƙwalwa wajen miliyan guda ne. Ke nan tun cikin ido ake tara labari, a tace shi, a auna inda haske yake da inda inuwa take, kafin a aika. Saƙon yana yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sa'an nan ya isa can wajen ƙeya, inda ake haɗa shi ya zama gani. Mutum da ƙeyarsa yake gane fuskar uwarsa.

Taɓawa ma haka take. In yaro ya taka ƙarangiya, saƙo yana tashi daga fatar ƙafa ya bi zare har cikin laka, wadda ke tsakiyar ƙashin baya. A jikin babban mutum wannan zare yakan kai mita guda. A laka saƙon ya rabu: wani ya juya nan take ya sa ƙafa ta ɗaga, wani ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ƙafa take tashi kafin yaron ya ce wayyo.

A 1892 Kahal ya koma Madrid. Babban aikinsa a kan tantanin ido da faransanci ya fito. Daga 1899 zuwa 1904 ya wallafa ƙaton littafinsa kan jijiyoyin mutum da na dabbobi, aka fassara shi da faransanci daga 1909 zuwa 1911. Wani masani na Ingila, Sherinton, wanda ya sauke shi a gidansa a Landan a 1894, shi ne ya raɗa wa mahaɗar ƙwaya da ƙwaya suna sinaps a 1897.

A 1906 aka ba Kahal da Golji kyautar Nobel tare. Kahal ne ɗan Espaniya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. A birnin Istokolm na ƙasar Suwidin suka fara haɗuwa ido da ido. Golji ya tashi gaban jama'a ya soki maganar ƙwayoyi a rabe, ya kare tarunsa. Kashegari Kahal ya yi nasa jawabi, ya nuna zane bayan zane, bai zagi kowa ba. A wannan shekara aka yi masa tayin zama ministan ilimi, ya ƙi, ya zaɓi madubinsa da almajiransa.

Ya bar koyarwa a 1922. Matarsa ta rasu a 1930. Kunnensa ya yi nauyi, hannunsa ya fara rawa, amma a 1933 ya sake rubuta dogon bayani yana jera hujjojinsa, don har lokacin akwai masu riƙe da maganar taru. Madubin zamaninsa ba ya iya nuna ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ta yi ƙanƙanta ainun. Ya rasu a Madrid ran 17 ga watan Oktoba na 1934, yana da shekara 82. Ya bar zane kusan 3000, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2017.

Bayan mutuwarsa da shekara 20 masana suka duba sinaps da sabon madubi mai ƙarfi, mikroskop na elektron. Suka ga ratar. Sai an tsaga gashin kai guda gida dubbai kafin a sami sirinta irin nata. An kuma gano cewa cikin zare saƙo kamar lantarki yake gudu, in ya iso bakin ratar sai ƙwayar ta saki ɗan sinadari ya ƙetare zuwa ta gaba. A ƙwaƙwalwar mutum guda akwai irin waɗannan ƙwayoyi wajen miliyan dubu 86.