Marigayi Malam Dorugu: Baƙon da Ya Ratsa Gumel a 1854

A fitowar bana mun ga ya dace mu tuna wa 'yan uwanmu mazauna birane wani bawan Allah wanda sawunsa ya taɓa taka ƙasarmu ta Gumel, wato Malam Dorugu.

An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas, cikin ƙasar Damagaram, maƙwabciyarmu ta arewa. Yana yaro ƙarami mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Kukawa ta Barno a matsayin bawa. A can ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin Tafkin Cadi cikin 1852, yaro ya sake zama ba uwa ba uba.

Daga nan ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu. A kan hanyarsu ta komowa daga Kano zuwa Kukawa, ƙarshen 1854, ayarinsu ya biyo ta Gumel. Bayan haka suka ƙetare Sahara, inda ƙasusuwan bayin da ƙishirwa ta kashe suke warwatse a bakin rijiyoyi, suka isa Ingila a 1855.

A Ingila ya zauna gidan wani malamin mishan, James Frederick Schön, ya karɓi addinin Kirista, aka raɗa masa suna James Henry. Da bakinsa aka yi aikin juya Linjilar Matta zuwa Hausa, wadda aka buga a 1857, kuma labarin rayuwarsa ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya komo gida a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa. Da tsufansa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909. A Kano ajali ya cim masa a 1912, nesa da garin haihuwarsa, tsakanin ɗalibai Musulmi da ya koya wa karatun boko.

Abin lura a rayuwar nan shi ne yawan haɗuwarta da mutuwa: harin yaƙi, gawar mai gidansa, ƙishirwar hamada. Wanda ya ga waɗannan tun yana yaro ya san rai ba a hannun mai shi yake ba. Addinin da ya riƙa yana koyar da mabiyansa cewa mutum ba ya isa gaban Ubangiji da ƙarfin aikinsa, sai da jinƙan da Allah Ya yi masa ta wurin Almasihu, saboda haka ba sa ɗaukar kabari ƙarshen tafiya. Mu Musulmi mun bambanta da su a aƙida, amma mu ma da rahamar Allah muke fatan cikawa.

Yawancinmu a yau baƙi ne a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, kuma babu wanda ya san ƙasar da za ta rufe shi. Dorugu ya bar wa harshenmu abin amfani kafin ya tafi. Mu ma mu bar wa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar abin da za a tuna mu da shi. Allah Ya sa mu cika da kyau, amin.