Nnamdi Azikiwe

Nnamdi Azikiwe (16 ga Nuwamba, 1904 – 11 ga Mayu, 1996), wanda aka fi sani da Zik, ɗan jarida ne kuma ɗan siyasar Najeriya. Shi ne shugaban ƙasa na farko, daga 1963 zuwa 1966.

Farkon rayuwa

An haife shi a Zungeru, cikin Jihar Neja ta yanzu, lokacin da garin yake hedikwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa. Iyayensa Inyamuran Onica ne, kuma mahaifinsa akawu ne a ofishin gwamnati. Da Hausa ya buɗe baki, abin da ya sa aka mai da shi Onica yana ɗan shekara takwas don ya koyi harshen iyayensa. Ya ci gaba da karatu a Kalaba da Legas, inda ya iya Yarabanci.

Karatu a Amurka

A 1925 ya tafi Amurka ba tare da wani guzuri na kirki ba. Ya fara da Kwalejin Storer, ya koma Jami'ar Howard a Washington, sannan Jami'ar Lincoln a Pennsylvania, inda ya sami digirin farko a 1930. Dukkansu makarantu ne da aka kafa domin baƙar fata a zamanin da wariya ta rufe musu ƙofar yawancin jami'o'i. Da wanke-wanke da aikin ƙarfi ya riƙa biyan kuɗin makaranta. Daga baya ya yi digiri na biyu a Lincoln da kuma Jami'ar Pennsylvania, ya kuma koyar da kimiyyar siyasa a Lincoln.

A wannan zama ne ya shiga Phi Beta Sigma, ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai maza wadda ɗalibai uku suka kafa a Howard ranar 9 ga Janairu, 1914. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba na shagali kawai ba ne. Reshen kowace makaranta yana zaɓen shugabanninsa, yana tara kuɗi, yana shirya muhawara, kuma tsofaffin mambobi sukan riƙe hannun na baya wajen neman aiki da masauki. Aƙidar Sigma ita ce mai ilimi ya koma ya yi wa al'ummar da ya fito daga cikinta hidima, har tana da shirin ƙarfafa kasuwancin baƙar fata. Malaminsa na falsafa a Howard, Alain Locke, ɗan ƙungiyar ne. Ga baƙon ɗalibi da ba shi da dangi a ƙasar, wannan zumunci ba ƙaramin jari ba ne, kuma ana iya ganin tasirinsa a yadda Azikiwe ya ɗauki nauyin na bayansa. Shi ya ƙarfafa wa Kwame Nkrumah gwiwa ya tafi Lincoln a 1935, kuma Nkrumah ma Sigma ya shiga. Bayan 'yan shekaru, matasa irin su K. O. Mbadiwe da Nwafor Orizu da Mbonu Ojike suka bi wannan hanya da shawararsa.

Jarida da gwagwarmaya

Ya dawo Afirka a 1934, ya zama editan African Morning Post a Ankara, babban birnin Gana ta yau. An same shi da laifin tunzura jama'a kan wata maƙala da jaridar ta buga, amma kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. A 1937 ya kafa West African Pilot a Legas. A 1944, a wani taro da ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta kira, aka kafa NCNC, Herbert Macaulay yana shugaba, shi kuma babban sakatare.

Alaƙarsa da Kano

A Kano ciwo ya kama Macaulay yayin rangadin NCNC na 1946, kuma bayan rasuwarsa a Legas jagoranci ya koma hannun Azikiwe. A 1948 Malam Sa'adu Zungur ya zama sakataren jam'iyyar na tarayya. A 1949 kamfanin Azikiwe ya mai da jaridar Daily Comet Kano, inda ta zama bakin masu adawa da zaluncin En'e, musamman bayan kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950. NEPU ta Malam Aminu Kano ta ƙulla ƙawance da NCNC a 1954. Ƙawancen ya shiga tsaka mai wuya bayan zaɓen 1959, da NCNC ta kafa gwamnatin tarayya tare da NPC, wato babbar abokiyar hamayyar NEPU a Arewa.

Mulki

Ya yi Firimiyan Jihar Gabas daga 1954 zuwa 1959. Jami'ar Najeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 bisa tsarin jami'o'in Amurka, ƙoƙarinsa ce. Ya zama Gwamna Janar ranar 16 ga Nuwamba, 1960, sannan shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1963, kodayake ainihin iko yana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Juyin mulkin Janairun 1966 ya kawo ƙarshen muƙamin. A yaƙin basasa ya fara da goyon bayan Biyafara, sai a 1969 ya dawo ɓangaren haɗin kan Najeriya, matakin da har yau ake ja-in-ja a kansa a Gabas. Ya yi takara a NPP a 1979 da 1983, duka biyun Shehu Shagari ya yi nasara.

Rasuwa

Ya rasu a Inugu yana da shekara 91, aka binne shi a Onica ranar 16 ga Nuwamba, 1996. Hotonsa ne a takardar naira 500, kuma filin jirgin saman Abuja sunansa yake ɗauke da shi.