Suzan Langlen, gwanar wasan tanis

Tanis wasa ne na mutum biyu ko huɗu. Ana ɗaura raga tsakiyar fili, kowa ya riƙe abin bugu da ake ce ma raket, suna jefa ma juna ƴar ƙaramar ƙwallo. Yau za mu karanta labarin wata mace da ta yi suna cikin wannan wasa.

An haifi Suzan Langlen a birnin Paris, ƙasar Faransa, ran 24 ga watan Mayu 1899. Tana da shekara 11 babanta ya saya mata raket. Da ya ga ɗiyar tana da hannu, sai ya zama shi ne malaminta. Yakan shimfiɗa ɗan ƙyalle cikin fili, ya ce ta bugo ƙwallo bisa kanshi. In ta kuskure, sai ta sake. Haka suka yi ta yi a garin Nis, har hannunta ya faɗa.

A 1914, tana da shekara 15, ta ci wata babbar gasa ta duniya kusa da Paris. Ba a jima ba yaƙin duniya na farko ya tashi, manyan wasanni suka tsaya.

A 1919 ta tafi Ingila, gasar Wimbledon. Wasan ƙarshe ya haɗa ta da Dorothea Lambert Chambers, mai shekara 40, wadda ta ci gasar nan har sau 7. Sarkin Ingila da matarshi suna cikin ƴan kallo. Sau biyu ya rage bugu guda a kada Suzan, amma ta daure, ta ci. Daga nan ta ɗauki kofin Wimbledon sau 6: daga 1919 zuwa 1923, da kuma 1925. A 1920 ta samu lambar zinariya biyu a wasannin Olimpik, ƙasar Beljik.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1921, a Amurka, tari ya kama ta cikin wasa da Molla Mallory, ta aje raket ta fita. Mutane suka yi mata ihu, jaridu suka ce tsoro ne. Amma shekarar da ta biyo, ta kada wannan mata a Wimbledon cikin ƙasa da rabin awa. A watan Fabrairu 1926, a garin Kan, ta kada Helen Wills, gwanar Amurka.

To, ga inda matsala take. A zamanin nan ba a biyan ƴan wasa a manyan gasa. Jama'a na sayen tikiti don su ga Suzan, kuɗin kuma na shiga aljihun masu shirya wasa. Ita ta ga wannan ba daidai ba ne. A 1926 wani Ba'amurke ya ba ta dalar Amurka 50.000, ta zaga garuruwa tana wasa. Ta karɓa. Ta yi wasa 38 da Mary Browne, ta ci duka.

Wannan zaɓi ya ja mata tsada. Hukumar tanis ta Faransa ta kore ta, ƙofar Wimbledon ta rufe mata. Ba ta ƙara shiga babbar gasa ba. Daga baya ta buɗe lakwal a Paris, tana koya ma yara tanis.

Ciwon jini ya kashe ta ran 4 ga watan Yuli 1938, tana da shekara 39. Sai a 1968 aka yarda masu karɓar kuɗi su shiga manyan gasa. A 1997 aka sa sunanta ga wani babban fili na Roland Garros, a Paris.

Tambayoyi
1. Ta yaya baban Suzan ya koya mata wasa?
2. Mi ya sa aka kore ta a 1926?
3. A ganinku, ta yi daidai da ta karɓi kuɗin? Ku tattauna.