John Lennon: Mawaƙin da shari'a ta mayar da shi ga waƙoƙin ƙuruciyarsa

An haifi John Lennon ranar 9 ga Oktoba, 1940, a Liverpool, birnin tashar jiragen ruwa a Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne da ba ya zaman gida, don haka ya tashi a hannun Mimi, yayar mahaifiyarsa. Ita kuwa mahaifiyar, Julia, ita ta buɗe masa ƙofar kiɗa: ta koya masa kaɗa banjo, ta kuma koya masa Ain't That a Shame, waƙar Fats Domino. Mota ta buge ta a Yulin 1958, ta rasu ta bar shi yana ɗan shekara 17.

Shekara guda kafin rasuwarta ya haɗu da Paul McCartney a wani bikin coci. Wannan haɗuwa ta haifar da Beatles, ƙungiyar da ta goge a gidajen rawa na Hamburg a Jamus tana maimaita waƙoƙin Amurkawa, daga bisani ta mamaye duniya da nata, ta watse a 1970. Labarin nan ya game gari. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na faifansa mai suna Rock 'n' Roll, kundin tsofaffin waƙoƙi 13 da babu ko ɗaya da ya rubuta da hannunsa.

Ba kewar ƙuruciya kaɗai ta kai shi ga wannan aiki ba, har da bashi. Waƙar Come Together da ya yi wa Beatles a 1969 ta ɗauko salo da wani baiti daga You Can't Catch Me ta Chuck Berry. A ƙasar Hausa, idan matashi ya tashi a gidan biki a Kiru ko Bebeji ya rera waƙar Shata, liƙi ake yi masa, ana kuma ganin ya girmama magabaci. A Amurka kuwa tsohuwar waƙa dukiya ce kamar gona, da takardunta da mai ita. Mai takardun waƙar Berry a lokacin wani ɗan kasuwa ne, Morris Levy, mutumin da ba ya barin ko sisi ya wuce shi. Ya kai ƙara. A 1973 aka yi sulhu a kan Lennon zai rera waƙoƙi uku daga rumbun Levy a faifansa na gaba.

Lennon ya ga dama ta samu ya yi kundi sukutum na waƙoƙin da suka raine shi. Sai dai lokacin bai yi masa daɗi ba: ya rabu da matarsa Yoko Ono, ya koma Los Angeles, giya ta yi masa yawa, gwamnatin Nixon kuma na neman korarsa daga Amurka. Ya miƙa ragamar aikin ga Phil Spector, gwanin haɗa sauti mai wuyar sha'ani. Sutudiyo ta koma mashaya. Wata rana Spector ya harba bindiga a rufin ɗakin. Daga baya ya kwashe kaset-kaset ɗin ya ɓace, sannan ya yi mummunan haɗarin mota a Maris 1974.

Da Lennon ya gaji da jira, sai ya fitar da faifan sababbin waƙoƙi, Walls and Bridges, ya saka guntun waƙar Levy guda ɗaya a ƙarshe, ɗansa Julian na buga masa ganga. Levy bai ga abin dariya a ciki ba. Da kaset-kaset suka dawo, huɗu kawai aka ɗauka daga aikin Spector. Sauran tara Lennon ya sake su a New York cikin 'yan kwanaki a Oktoba 1974. Waɗannan taran sun fi armashi, domin kayan kiɗa ba su danne muryarsa ba, musamman a Stand by Me ta Ben E. King.

Kuskurensa shi ne ba Levy kwafin aikin da ba a kammala ba. Levy ya buga shi da sunan Roots, yana tallarsa a talabijin. Dole aka gaggauta fitar da na ainihi a Fabrairu 1975, da hoton Lennon na 1961 yana jingine a bakin wata ƙofa a Hamburg. Faifan ya kai mataki na 6 a Ingila da Amurka. Aka sake komawa kotu, inda diyyar da aka ba Lennon ta ninka ta Levy nesa ba kusa ba.

Daga nan ya yi shiru. Ya daidaita da Yoko, aka haifi ɗansu Sean ranar da shi Lennon ya cika shekara 35, ya zauna gida yana renonsa har shekara biyar. A Nuwamba 1980 suka fitar da Double Fantasy tare. Makonni uku bayan haka, ranar 8 ga Disamba, Mark David Chapman ya harbe shi a ƙofar gidansa a New York, yana da shekara 40. Rock 'n' Roll ne faifan sutudiyo na ƙarshe da ya fita da sunansa shi kaɗai yana raye.