Ada Lovelace: Uwar 'Ya'ya Uku Da Ta Hango Kwamfuta Tun Ba A Ƙera Ta Ba

'Yar'uwa, idan kin ga waya tana amsa tambaya kamar mutum, ƙila kin taɓa cewa a ranki: wai tunani take yi, ko kuwa abin da aka ɗura mata take maimaitawa? To, wata mata ta riga ki wannan nazari tun 1843.

An haifi Ada a Landan ranar 10 ga Disamba, 1815. Mahaifinta shi ne mawaƙin nan Lord Byron, amma tun tana jaririya iyayenta suka rabu. Uwar ce ta raine ta, ta kuma dage sai ta koyi lissafi. Tana 'yar shekara 13 ƙyanda ta kwantar da ita kusan shekara guda, amma ba ta ajiye karatu ba.

A 1833 ta haɗu da masani Charles Babbage, wanda daga baya ya tsara wani injin lissafi da za a riƙa ba shi umarni da kati mai huji-huji, irin na injin saƙa. Ta yi aure a 1835, zuwa 1839 'ya'yanta uku.

A 1843 ta fassara maƙalar Luigi Menabrea a kan injin daga Faransanci, ta ƙara nata sharhi wanda ya fi maƙalar tsawo nesa ba kusa ba. A ciki ta jera matakan da injin zai bi ya warware wani lissafi, abin da da yawa ke ɗauka manhajar kwamfuta ta farko da aka buga. Ta hango cewa aikinsa zai iya wuce lambobi, har ya tsara kiɗa. Amma fa ta ja layi: inji ba ya ƙago komai da kansa, sai abin da muka san yadda za mu umarce shi.

Sankarar mahaifa ta yi ajalinta a 1852, tana da shekara 36. Injin kuwa ba a ƙera shi ba.

A 1950 masanin lissafi Alan Turing ya kawo gwajin auna basirar inji: mutum ya yi hira a rubuce da ɗan'adam da kuma inji, bai gan su ba, a ga ko zai bambance su. Sai da Turing ya ambaci sunan Ada don amsa hujjarta, kuma har yau gardamar ba ta ƙare ba.

Don haka idan yaranki suka ce waya ta san komai, ki tambaye su: wa ya koya mata?