Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

Ya ku malamai da fatake, ga labarin mutumin da amana ta zame masa jari.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano cikin shekarar 1877, daga zuriyar Agalawa, fataken goro. Yana ƙarami mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa kuwa ta tafi Akara, a ƙasar Gana ta yanzu. Wata baiwa da ake kira Tata ita ta riƙe shi, dalilin sunan Ɗantata ke nan. Ita ta hore shi da tsimi da ajiya a asusu, yana karatun allo yana 'yar sana'arsa.

A wancan zamani ayari yakan yi wata da watanni a hanyar Gwanja, galibin ciniki kuwa da baki ake ƙulla shi. Mai masauki shi ke adana kayan baƙo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa zango, ba mai sake ba shi kaya. Cikin wannan tarbiyya Alhassan ya tashi.

Da ya kawo ƙarfi ya shiga fataucin goro, yana ɗauko shi ta jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa ita. Turawa na da kuɗi, amma ba su san wanda za su amince wa a ƙauye ba. Shi kuwa ya sani. Yakan danƙa wa yaransa kuɗi, su bazu cikin karkara, su komo da gyaɗa. Da sun ha'ince shi, da ya karye. Sai ga shi a 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20.

Ya sauke farali, ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari.

To, mai awo ya cika mudu, mai bashi ya biya a kan lokaci. Allah ya jiƙansa, ya sa mu cika da imani, amin.