Abdu Mumuni, ɗan Tasawa

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa, a cikin jihar Maraɗi, ranar 26 ga watan Yuni 1929. A lokacin Nijar tana hannun Faransa. Lakwal kaɗan ne a ƙasa, kuma Turawa ne ke tsara abin da za a koya. Yaro ya shiga aji, sai ya bar harshen uwarsa a bakin ƙofa.

Abdu ya yi karatu a Damagaram da Yamai. Daga nan ya tafi makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal, sannan ya wuce Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyya, wadda ake kira agiregasiyo. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai.

Yana koyarwa, yana lura da ƴan makaranta. Ya ga yara masu basira suna haddace kalmomin da ba su gane ba. Ya ga uwaye suna kallon lakwal kamar kayan gwamnati, ba nasu ba. Abin ya dame shi ƙwarai.

A 1964 ya fitar da littafi da faransanci a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa mutanenmu suna da tarbiyya. Uwa da uba da maƙwabta da tsofaffi, kowa yana da hannu a renon yaro, kuma yaro yana koyo ne a cikin aiki. Saboda haka ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a haɗa karatu da aikin hannu, a maida makaranta abin jama'a duka.

Shi kansa bai raba ilimi da aiki ba. Ya yi bincike a kan ƙarfin rana a Bamako. A 1969 ya komo gida, ya riƙe ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa da na dafa abinci ba tare da itace ba. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai.

Tun yana da rai, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, da hausa. Daga baya aka ƙara zabarmanci da fillanci da barbarci da buzanci. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

A 1998 dokar ilimi ta Nijar ta amince da harsunan ƙasa a makaranta, tare da faransanci. Bayan haka aka kafa kwamitocin kula da makarantu. A Sae Sabuwa ko Gazawa, uwaye da malamai da ƴan makaranta su kan zauna tare, su duba zancen rumfunan aji da littattafai da zuwan yara mata. Garin da ya riƙe makarantarsa da kyau, ya riƙe aikin da Abdu Mumuni ya fara.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Abdu Mumuni?
2. Mene ne ya dame shi lokacin da yake koyarwa?
3. Waɗanne abubuwa uku ya nema a cikin littafinsa?
4. Su wa ke cikin kwamitin makarantarku? Wane aiki suka yi bana?